Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya Kan Tiyatar Bututu Ga Masu Hawan Jinin Ido

Zuwa ga Mai Girma Ministan Lafiya da Walwalar Jama'a na Tarayya, Abuja, tare da kwafi ga Kwamishinan Lafiya na Jihar Kaduna da Shugaban Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, tare da addu'ar Allah ya taya ku riƙon wannan amana, na rubuto muku ne a kan wasu marasa lafiya da ba a cika jin muryarsu ba, wato masu hawan jinin ido, cutar da likitoci ke kira gilakoma, musamman waɗanda maganin ɗigawa ya gaza a kansu, aikin tiyata na farko ma ya toshe, abin da ya rage musu shi ne a dasa musu ɗan bututun da zai riƙa fitar da ruwan da ke taruwa a cikin ido. Na yi aikin jinyar ido a wannan jiha har na yi ritaya, kuma na san irin kallon da iyalin mara lafiya suke yi wa juna idan aka faɗa musu kuɗin wannan bututu. Roƙona gare ku shi ne ku sa bututun ya zama abin da talaka zai iya samu, kuma ku tabbatar cewa duk idon da aka dasa wa shi an rubuta shi, an bi shi shekara da shekaru, domin mu san da hujjar kanmu abin da yake yi wa mutanenmu.

Girman matsalar ba ɓoyayye ba ne ga ma'aikatarku, domin da haɗin gwiwarta aka gudanar da binciken makanta na ƙasa tsakanin 2005 da 2007, inda aka duba idanun mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. Binciken ya nuna cewa kashi 4.2 cikin 100 na masu waɗannan shekaru makafi ne, yanar ido ce ta jawo kashi 43 cikin 100 na makantar, hawan jinin ido kuma ya biyo da kashi 16.7. Da Farfesa Fatima Kyari da abokan aikinta suka sake zurfafa nazarin bayanan, sun gano cewa kusan mutum 5 cikin kowane 100 na ɗauke da cutar, cewa waɗanda suka san suna da ita ba su kai kashi 6 cikin 100 na masu cutar ba, kuma ɗaya cikin kowane biyar daga cikin masu cutar ya riga ya makance. Mai yana idan aka yi masa aiki yakan koma gida yana gani. Wanda hawan jinin ido ya kashe wa jijiyar gani kuwa, har yau babu likitan da ya iya dawo masa da abin da ya rasa.

Ina neman izini in ɗan yi bayanin yadda cutar take, saboda sauran jama'a da za su karanta wannan takarda. A gaban ido akwai wani ruwa garai-garai da ido ke samarwa dare da rana domin ciyar da sassansa, kuma yana da wata siririyar mafita a kusurwar da ke tsakanin ƙwayar ido mai launi da gilashin gaban ido. Idan mafitar ta cushe, kamar yadda kwata ke cushewa da damina ruwa ya koma cikin gida, sai matsin da ke cikin ido ya hau. A yawancin masu lafiya matsin yana tsakanin 10 da 21 a ma'aunin likita, amma a ɗakin duba marasa lafiya a nan Arewa ba abin mamaki ba ne a auna mutum a ga 40 ko fiye, yana zaune lafiya lau, babu ciwo babu ja. Jijiyar gani, wadda ta ƙunshi zaruruwa sama da miliyan ɗaya, tana mutuwa sannu a hankali, gani yana tsukewa daga gefe, har sai ranar da mutum ya fara karo da ƙofa ko ya kasa tsallaka titi, a lokacin kuwa an yi nisa. Duk maganin da ake da shi, na ɗigawa ne ko na leza ko na wuƙa, aikinsa ɗaya ne: ya sauko da matsin domin a tsare ganin da ya rage.

Maganin ɗigawa shi ake fara bayarwa, kuma yana aiki ga wanda zai iya sayen sa kowane wata har ƙarshen rayuwarsa, ya ɗiga shi a kan lokaci, ya kuma samu na gaskiya ba jabu ba. Manomin da ke Kubau ko Kauru, wanda kuɗinsa ke zuwa sau ɗaya a shekara bayan kaka, ba ya cikin wannan hali. Wasu magungunan, irin su latanoprost, ana so a ajiye su a wuri mai sanyi kafin a buɗe, wanda ke da wuya a garin da wuta ba ta tsayawa, sannan tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 farashin duk abin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabo. Akwai kuma waɗanda ke dakatar da ɗigawar rana a watan azumi ba tare da sun gaya wa likita ba. Wani gwaji da aka yi a asibitin KCMC na garin Moshi a Tanzaniya, aka wallafa a 2021, ya kwatanta hasken leza da maganin ɗigawa na timolol, inda bayan shekara guda lezar ta riƙe matsin a kashi 61 cikin 100 na idanun da aka yi wa, timolol kuma kashi 31. Na kawo wannan ne domin a ga cewa asibitin Afirka zai iya yin bincike mai inganci da duniya za ta saurara.

Idan cutar ta yi nisa, tiyatar da aka fi sani ita ce tirabekulektomi, wadda likita ɗan Ingila John Cairns ya bayyana a 1968. Ana buɗe wata 'yar ƙofa a farin ido domin ruwan ya riƙa tsiyaya zuwa ƙarƙashin fatar da ke lulluɓe da shi. Aiki ne mai kyau, mai sauƙin kuɗi, kuma ina ganin har gobe shi ne ginshiƙin tiyatar wannan cuta a ƙasarmu. Matsalarsa ita ce jiki yana ɗaukar ƙofar a matsayin rauni, sai ya yi ƙoƙarin rufe ta da tabo, kuma an daɗe da lura cewa wannan ya fi faruwa ga baƙar fata da kuma matasa, shi ya sa ake shafa wani magani mai suna mitomycin C a lokacin aikin domin rage tabon. Duk da haka wasu suna toshewa. Akwai kuma idanun da tun farko likita ya san ƙofar ba za ta daɗe ba: idon mai ciwon suga da sababbin jijiyoyin jini suka tsiro suka rufe mafita, idon da ke yawan kumburi daga ciki, idon da aka taɓa yi wa aiki, idon da ya samu bugu, idon yaron da aka haifa da cutar, da kuma idon da masu cire yana na gargajiya suka tura wa ƙwaya ciki. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin lamari ba ne a Arewa, domin binciken ƙasa da na ambata ya samu cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa saboda yana, ta hanyar gargajiyar aka taɓa su.

Waɗannan su ne masu buƙatar bututu. Siririn bututu ne na silikon da ake shigar da bakinsa cikin gaban ido, ɗaya ƙarshen kuma yana haɗe da wani ɗan faifai da ake ɗinkewa a jikin farin ido can baya, ƙarƙashin fatar ido ta sama inda ba a ganin sa. Ruwan yana bi ta bututun ya taru a kan faifan, daga nan jiki ya tsotse shi. Wani likita ɗan Afirka ta Kudu, Anthony Molteno, shi ya fara bayyana wannan dabara a 1969, daga baya a farkon shekarun 1990 aka samu samfurin Baerveldt mai faɗin faifai, sai kuma samfurin Ahmed a 1993, wanda ke da ɗan bawul a ciki domin hana ruwan zubewa fiye da kima. A 2013 kamfanin Aurolab na asibitocin ido na Aravind da ke Madurai a Indiya ya fito da nasa mai suna AADI, bisa tsarin Baerveldt, a kan kusan dala 50, alhali sauran ana sayar da su ɗaruruwan daloli. Wannan ragi ne ya sa maganar samar da bututu ga talakan Najeriya ta zama abin da gwamnati za ta iya ɗauka.

Ranka ya daɗe, ba na so a fahimce ni kamar ina tallan wani abin al'ajabi. An yi manyan gwaje-gwaje a kan waɗannan bututai kuma sakamakonsu yana kira ga natsuwa. A gwajin da ake kira TVT, wanda ya ƙunshi mutum 212 da aka taɓa yi wa aikin ido, bayan shekara biyar bututun Baerveldt ya gaza a kusan kashi 30 cikin 100, tirabekulektomi kuma a kusan kashi 47, sannan waɗanda aka sake yi wa tiyatar rage matsi sun kai kashi 9 a ɓangaren bututu, kashi 29 a ɗaya ɓangaren. Amma da aka sake gwajin a kan mutum 242 da ba a taɓa yanka idonsu ba, a binciken PTVT, sai labari ya sauya: a shekarar farko bututu ya gaza a kashi 17.3, tirabekulektomi a kashi 7.9 kacal, kuma ko bayan shekara biyar bututun bai nuna fifiko ba. Gwaje-gwaje biyu da suka kwatanta Ahmed da Baerveldt, wato ABC da AVB, sun nuna cewa Baerveldt ya fi saukar da matsi a tsawon lokaci tare da rage buƙatar maganin ɗigawa, amma ya fi jawo matsalar faɗuwar matsi fiye da kima, wadda ita ma tana iya lalata gani. Abin da na fahimta daga wannan duka shi ne bututu yana da gurbinsa, gurbi mai muhimmanci amma ƙayyadadde, kuma ko a ƙasashen da komai ya wadata, a cikin kowane mutum goma, uku zuwa biyar sukan rasa amfaninsa cikin shekara biyar.

Yawancin waɗannan gwaje-gwaje a Amurka da Kanada da Ingila da makamantansu aka yi su. Akwai baƙar fata a cikin waɗanda aka gwada, gaskiya ne, amma mutane ne da ke iya komawa asibiti duk ranar da aka ce su koma, magani yana kusa da su, kuma da yawansu an gano cutar kafin ta cinye ido. Namu mara lafiyan yakan zo da ido ɗaya ya mutu, ɗayan saura ƙiris, daga Birnin Gwari ko Sanga, a kan hanyar da wani lokaci ba a bin ta sai da addu'a. Tambayoyin da likitansa ke fuskanta babu amsarsu a waɗancan takardu. Bututu marar bawul ana ɗaure shi da zaren da ke narkewa bayan mako biyar zuwa shida, ranar da ya buɗe kuwa matsin na iya faɗuwa farat ɗaya, to wa zai duba mutumin idan hakan ta faru yana ƙauye? Mai bawul ya fi kwanciyar hankali a makonnin farko, amma sau da yawa matsin yakan sake hawa bayan wasu makonni, a koma ga maganin ɗigawar da tun farko ya gagara saye. Wanne ya fi dacewa da wanda ba zai iya dawowa sau da yawa ba? Ana rufe bututun da ɗan yankin farin ido ko gilashin ido da aka samu daga mai bayarwa domin kada ya huda fata ya fito, mu kuwa irin wannan kyauta ta yi mana ƙaranci ƙwarai, shi ya sa wasu likitoci ke binne bututun a cikin farin idon mara lafiyan kansa. Shin wannan dabara tana jure ƙurar hunturu da yawan murza ido? Idan bututu ya fito fili, ƙwayoyin cuta na iya bi ta kansa su shiga cikin ido, a yi asarar idon baki ɗaya. Haka kuma a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi, Dokta Mohammed Abdull da abokan aikinsa sun nuna cewa kaɗan ƙwarai daga cikin waɗanda aka ba shawarar tiyata suke dawowa a yi musu, abin da ya sa suka gwada wata leza da ke rage samar da ruwan ba tare da yanka ba. Ya kamata a san a wane ido ne wannan leza ta isa, a wane ido ne kuma sai bututu.

Babu garin da ya fi Kaduna cancantar amsa waɗannan tambayoyi. A nan Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa take, wadda aka kafa da doka ta 52 ta 1979, kuma dokar ba ta tsaya ga jinya kaɗai ba, ta ɗora mata nauyin horarwa da bincike. Ga Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a cikin gari, ga na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ga asibitocin ido na Kano ba nisa. Marasa lafiya daga jihohin Arewa da dama, har da maƙwabtanmu na Nijar, nan suke dosa. Abin da ya rage shi ne ma'aikatarku ta ware kuɗi na musamman, ta haɗa waɗannan asibitoci a ƙarƙashin tsari guda. A fara da abu mafi sauƙi, wato rajista ta ƙasa wadda za a shigar da duk bututun da aka dasa, a asibitin gwamnati ne ko na kuɗi, da samfurinsa, da matsin ido da ƙarfin gani kafin aiki da bayansa, da duk matsalar da ta biyo baya. Daga nan a shirya gwaji na sosai, inda ƙuri'a ce za ta raba marasa lafiya tsakanin hanyoyin da ake kwatantawa, a yi masa rajista a kundin gwaje-gwaje na Afirka tun kafin a fara, a kuma wallafa sakamako ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Kada a yarda da bibiyar da ta gaza shekara biyar. A 2018 kamfanin Alcon ya janye wata 'yar na'urar fitar da ruwan ido mai suna CyPass daga kasuwa, bayan an amince da ita a Amurka a 2016 bisa sakamakon shekara biyu, domin sai da aka kai shekara biyar sannan aka ga tana rage ƙwayoyin da ke kare gilashin ido daga ciki.

Maganar gwaji a kan mutane tana da nauyi a Arewa, kuma kun fi ni sanin dalili. Har yanzu ba a manta da abin da ya faru a Kano a 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, inda kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kusan 200, 11 daga cikinsu suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Wannan tabo yana cikin abubuwan da suka ƙarfafa ƙin rigakafin shan inna a 2003. Saboda haka amincewar hukumar NAFDAC da ta Kwamitin Ɗa'ar Binciken Lafiya na Ƙasa wajibi ce, amma ba ta wadatar ba. Mutumin da ake neman yardarsa a nan ba ya gani sosai, ba zai iya karanta takarda ba ko da ya yi boko. A karanta masa da Hausa ko da harshensa na Bajju ko Atyap ko Gbagyi ko Fulatanci, a gaban wani nasa da ya yarda da shi, a ba shi lokaci ya koma gida ya yi shawara, a kuma faɗa masa ƙarara cewa aikin ba zai dawo da ganin da ya tafi ba. Na sha ganin inda rashin wannan jimla guda ya sa iyali suka koma gari suna cewa asibiti ne ya kashe idon, daga nan kuma babu wanda zai sake yarda a taɓa shi a wannan zuri'a. A sanar da shi cewa idan ya ƙi shiga gwajin ba za a rage masa kulawa ba, idan kuma ya shiga, kuɗin mota da na magance duk matsalar da ta taso suna wuyan masu binciken. A zauna da malamai da limaman coci da sarakuna tun kafin a fara, musamman kan batun amfani da sashen idon mamaci, kada a bari sai jita-jita ta riga mu isa kasuwa.

Game da kuɗi, dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, jiharmu kuma tana da tata hukumar inshorar lafiya, wato KADCHMA. Ina roƙon a rubuta tiyatar hawan jinin ido a fili cikin abubuwan da suke biya, har da kuɗin bututun kansa da ziyarce-ziyarcen bayan aiki, kuma gwamnati ta riƙa saro bututan da yawa lokaci guda ta ajiye a cibiyar Kaduna, maimakon a bar kowane mara lafiya yana neman dillali alhali matsin idonsa na ci gaba da ɓarna. Na san dalilin da ya sa masu hannu da shuni da 'yan siyasa suka fi son ɗaukar nauyin aikin yana: washegari ana cire bandeji, tsoho ya ga jikokinsa, a ɗauki hoto. Wannan alheri ne kuma Allah ya saka musu. Amma ina gargaɗi da babbar murya kada a mayar da dashen bututu aikin sansanin kwana uku, inda likitoci za su zo su yi su tafi, domin rabin aikin yana cikin watannin da ke biye.

Wannan bibiya ba za ta yiwu ba idan kowa sai ya zo Kaduna. Manyan asibitocin Kafanchan da Saminaka da Kachia da Birnin Gwari da Zariya suna buƙatar na'urar auna matsin ido mai aiki, da ma'aikacin jinyar ido da aka koya wa gane bututun da ya fara fitowa ko idon da ya yi laushi fiye da kima, da kuma lambar wayar likitan da zai ɗauka idan an kira. Waɗannan ma'aikata su ne kuma za su riƙa kiran 'ya'ya da 'yan'uwan duk wanda aka samu da cutar su zo a auna su, tun da tana bin jini, su kuma ja kunnen masu kemis da ke sayar wa iyaye maganin ɗigawa mai sitiroyid saboda ƙaiƙayin idon yara, wanda yawan amfani da shi kan hau da matsin ido. Likitocin da suka ƙware a wannan tiyata ba su da yawa, kuma wasunsu suna barin ƙasar, don haka a ɗauki nauyin horar da matasa a nan gida tare da ba su kayan aikin da zai sa su zauna.

A kowane watan Maris ana bikin Makon Hawan Jinin Ido na Duniya, a yi tattaki a auna idanu kyauta. Ina roƙon Mai Girma Minista ya umarci cibiyar Kaduna da sauran asibitocin tarayya su fito wa jama'a da alƙaluma kafin na gaba: bututu nawa aka dasa a shekarun baya-bayan nan, mutum nawa aka rubuta wa amma suka kasa saye, kuma nawa ne daga cikin waɗanda aka yi wa aikin har yanzu ake ganin su a asibiti. A ranar da za a bayyana waɗannan alƙaluma, ina fatan a sanar da ranar buɗe rajistar da sunan ofishin da zai riƙe ta.

Allah ya ƙara wa Mai Girma Minista lafiya da basira, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Ma'aikacin jinyar ido mai ritaya,
Tudun Wada, Kaduna.